Da Tafasa Muke Tarbar Damina

Bana ruwan fari ya sauka, ya jiƙa ƙasa har ya kwanta a lungu, amma tukunyar gidanmu ba ta san an yi ba. Abin da muka ci ranar da aka yi ruwan, shi muke ci tun kafin a yi shi, shi kuma muka ci gaba da ci: shinkafa da miyar tumatir, da ɗan alayyafo a ciki, da latas a gefe. Babu wanda ya yi ƙorafi, don babu abin da ya ragu a faranti. Sai da wata dattijuwa maƙwabciyata, wadda ta tashi a ƙauye, ta tambaye ni ko na ga tafasa a kasuwa, sannan na lura cewa akwai wata tarba da muke yi wa damina a da, kuma ta bar gidajenmu ba tare da ta yi mana sallama ba.

Wanda bai san bazarar da ba, da wuya ya gane wannan tarba. Daga watan Maris zuwa Mayu, a ƙasar Katsina inda na tashi, zafi kan kai inda tsuntsu ma sai ya buɗe baki a inuwa. Ruwan rijiya ya yi ƙasa, sai an ƙara wa guga igiya. Daji ya yi fari fat, awaki na kalar busasshen kara. A madafa kuwa komai busasshe ne: kuka, kuɓewa, karkashi, kauɗar tumatir da ta yi baƙi, barkono da daddawa. Tun da kaka aka shanya su aka adana a tulu da ƙwarya, kuma kafin bazara ta raba, garin kukar ya koɗe, ya bar kore ya koma ruwan ƙasa, ƙamshin ya tafi, saura yauƙi kawai. Yau kuka, gobe kuɓewa, jibi a koma kuka. Masu lambu suna nan, a bakin fadama za ka iske su suna ɗebo ruwa da jigo suna shayar da albasa da tumatir da lansir. Amma lambun jigo ɗan fili ne, iyakarsa ƙarfin hannun mutum ɗaya, kuma in bazara ta tsananta shi ma yakan ƙafe. Hausawa suka ce sai miya ta ƙare ake sanin maci tuwo. A watannin nan kowa maci tuwo ne, ko yana so ko ba ya so.

Itatuwa ne ke fara kawo labari. Tun sama ba ta ce komai ba, ko ɗigo bai sauka ba, sai ka ga ɗinya ta fitar da toho mai laushi, shi ne ɗinkin da ake dafawa a kwaɗa. Aduwa ta ba da dubagira. Kuka, wadda ta yi watanni tsaye tsirara, ta fara fitar da ƙananan ganye a bakin rassa, samari su ɗauki maƙata su nufe ta. Miyar ɗanyar kuka ta farko ba ta da haɗi da ta gari sai a suna. Ana kirɓa ganyen a turmi yana ɗanye, a zuba a ruwan da ya sha daddawa da 'yar kanwa, a burga, sai ta fito kore shar, da wani ƙamshi mai sanyi da ke shiga hanci tun daga zaure. In akwai man shanu aka ɗiga, to ranar tuwo ba ya kwana.

Daga nan sai shamuwa ta iso ta sauka a kan manyan itatuwan tsakiyar gari. Ba mai jifanta, ba mai taɓa sheƙarta, kuma ganinta ya isa dattijo ya sa a sauko da iri daga rataya a gyara sungumi. Masu ƙarfin zuciya sun riga sun yi binne, sun zuba gero a busasshiyar ƙasa sun bar wa Allah. Gawo, wanda ya yi rani da ganyensa, ya fara kaɗe shi, don shi ɗabi'arsa ke nan, yana tuɓewa lokacin da sauran itatuwa ke sa sutura. Sai wata rana da la'asar gabas ta haɗe, iska ta taso da ƙura da ganyen kara, mata na gudun kwashe shanya, yara na ihu a tsakar gida. In ruwan ya sauka, ƙamshin da ƙasa ke yi a daren nan har ɗanɗano gare shi. Kwaɗi su cika dare da kuka, shinge ya fito yana bin fitila, mu kuma muna bin sa da ƙwarya.

Bayan ruwan shuka da 'yan kwanaki tafasa take leƙowa. Ba wanda ya shuka ta. A bakin hanya take fita, da gefen burtali, da bayan gari, da kan iyakar gona, kuma dabbobi ba su cika son ta tana ɗanya ba, shi ya sa take cika fili. Gasaya da rukuɓu sun fi son inda ƙasa ta sha taki, kamar tsohon garke ko gefen juji. Yaɗiya tana nan tun rani tana bin danga, amma da ruwa take yin sabon toho mai daɗin tsinka. Lalo da karkashi sai an ɗan jima, su a cikin gero suke fita, kuma mai noman fari da ya san darajarsu yakan kauce musu da fartanya. Rama da yakuwa kaɗai ake shukawa da gangan, a bayan ɗaki ko a jere a kan iyaka. Zogalen da ke dangar gida, wanda aka sassare da rani, shi ma sai ya ɓarke da ganye.

Gwaggo ce ke fita da mu tsinkar ganye, da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba. Ba ta taɓa zaunar da mu ta ce za ta koya mana wani abu ba, hannunta muke kallo. In ta ga yarinya ta kama tafasa za ta tuge, sai ta ce, "Ke 'yar nan, kai kawai ake tsinka. In kin tuge yau, me za ki tsinka jibi?" A wurinta na san cewa tafasar da ta yi fure ta wuce ci, da yadda ake bambanta ta da rai-ɗore, wanda suke kama a idon baƙo, da cewa ba a tsinkar ganye a inda mutane ke zagayawa komai kyansa. Tana duba gindin kowace ciyawa da sanda kafin ta sa hannu, saboda farkon damina lokacin fitar macizai ne.

A gida kowane ganye da yadda ake bi da shi. Tafasa tana da wani wari mai ƙarfi da wanda bai saba ba zai kau da fuska, sai an dafa ta sosai, a tsiyaye ruwan, a matse ta a hannu har ta zama curi. Gasaya ɗaci gare ta, ita ma ruwan farko zubarwa ake yi. Rama a dafa a ɗauraye don tsamin ya ragu, yakuwa kuma a kashe nata da kanwa ko ruwan toka. Sannan a daka ƙuli-ƙuli ya yi laushi, a haɗa da gishiri da yaji, a yanka albasa, a ɗiga man gyaɗa, a cakuɗa da hannu a cikin akushi. Da hannu ake kwaɗo, cokali ba ya sa ƙuli ya shiga ganye. Wata rana a yi fate-faten tsaki da rama da yakuwa, a sha da zafinsa ana jin yayyafi a kan rufi. Wata rana dambu, tsaki da zogale a madambaci, tururi na fita ta gefen da aka liƙe da tsumma.

A gidanmu kwaɗon farko ba a cinye shi a gida ɗaya. Inna takan ɗiba a ƙaramin kwano ta ce a kai wa Malam a zaure, a kai wa tsohuwar da ke bayan katangarmu, a kai wa mai jego in akwai ta a unguwa. Kwanon kuma ba ya dawowa wayam. Wanda aka kai wa yakan ce, "Ashe har ta fito? Allah ya ba mu damina mai albarka." Ba biki ba ne, babu kiɗa, babu ranar da aka sa masa. Amma duk unguwa ta san shekara ta juya, kuma ta baki aka sani.

Sai dai tafasa fuska biyu gare ta, kuma rashin adalci ne in ambaci ɗaya in bar ɗaya. A watan Yuni marmari ce. A ƙarshen Yuli da cikin Agusta, lokacin marka, sa'ad da rumbu ya kai ƙasa gero kuma bai nuna ba, a gidaje da yawa ita ce abincin gaba ɗaya. Ana dafa tukunya guda a barbaɗa ɗan tsaki ko dusa don a ce an ci hatsi, da ita za a yi noma, da ita za a shayar da jariri. Na ga yaran da cikinsu ya kumbura ƙafafunsu suka sirance a irin wannan lokaci. Tsofaffi suna ba da labarin Kakalaba, yunwar 1914, yadda suka ji daga iyayensu. Iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984. A 2005 ma, a yankunan Maraɗi da Damagaram, mutane sun koma ga ganye da 'ya'yan anza, masu ɗacin da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu. Duk wanda ya ci tafasa a irin wannan hali, in ya samu sauƙi ya ce ba ya son ko jin warinta, ba ni da bakin ce masa ya manta al'ada.

Murnar da muke yi da ganyen fari ita kanta daga rashi ta samo asali. Jikin da ya yi watanni bai ga ɗanyen ganye ba yana nema ne da gaske. Dundumi, wato rashin gani da zarar magariba ta yi, sananne ne a ƙauyuka a ƙarshen rani, musamman ga yara da masu ciki, kuma yanzu an san cewa ƙarancin bitamin A ke kawo shi, wanda koren ganye ke ɗauke da shi. Ga tsagewar gefen baki, ga rashin jini. Su Gwaggo ba su san sunayen sinadaran ba, amma sun san cewa in ganye ya fito yara kan murmure. 

Abin da ya karya wannan jira na ganyen fari shi ne ban ruwa. Gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar Tiga, aka kammala ta a 1974, ruwanta ya bi magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, filayen da a da ba sa ganin kore da rani suka koma gonakin tumatir da albasa da alkama da shinkafa. Madatsar Bakolori ta biyo baya a 1978 a kan kogin Sakkwato. Amma abin da ya fi shiga ƙauye-ƙauye shi ne ƙaramin injin ban ruwa mai shan fetur, da 'yar rijiyar bututu da ake kafawa a fadama, waɗanda shirin Fadama na shekarun 1990, da tallafin Bankin Duniya, ya yaɗa su. Jigo ya kwanta. Mutum ɗaya ya iya shayar da filin da a da sai gayya. Yau in ka shiga kasuwar 'Yankaba a Kano a tsakiyar watan Afrilu, za ka iske alayyafo da latas da kabeji da karas da lansir da zogale tuli-tuli, a lokacin da kakanninmu ke lissafin sauran garin kuka. Samarin da a da suke tafiya cin rani sun samu sana'a a gida. Yaron birni na yau yana iya girma bai taɓa jin kalmar dundumi ba. Wannan alheri ne babba, kuma ba zan so a mayar da ko gida ɗaya cikin bazarar da na sani ba.

To me ya rage da zan yi kewa? Na daɗe ina juya tambayar. Ɗanɗano yana ciki, amma shi ne mafi sauƙi. Ganyen lambu 'yan ƙalilan ne, su ne dai a Kano, su ne a Zariya, su ne a Yamai, alhali ganyen daji da Gwaggo ta sani sun fi su yawa nesa ba kusa ba, kowanne da lokacinsa da ɗacinsa da maganinsa. Yaran gidana sun san kabeji da kokwamba, amma in aka ajiye musu gasaya da rukuɓu ba za su ce ga wannan ga wancan ba. Ilimi ne da ba a rubuta ba, a hannun mata yake, kuma yana bin su kabari ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne kuɗi. Ganyen lambu na mai kuɗi ne, ko da kuɗin kaɗan ne, domin an sayi fetur, an sayi taki, an biya mota. Tafasa kuwa ba ta da mai ita. Bazawarar da ba ta da gona, da tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi birni, da almajiri, duk suna iya fita da ƙwarya su dawo da abin da za su ci, ba su roƙi kowa ba, ba su ci bashi ba. Wannan rumbu na marasa rumbu shi ne ke rufewa a hankali, kuma ta hanyoyi da yawa. Jama'a ta ƙaru, an gaji gonaki an rarraba, an nome burtali da makiyaya da saurar da a da ake bari ta huta. Bayan gari ya zama fulotai. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, matsalar 'yan bindiga ta sa mace ba ta iya nisa da gari don tsinkar ganye, wani wuri ma namiji bai isa ya je gonarsa ba.

Sai kuma feshin maganin ciyawa. Ba na ganin laifin manomin da ya rungume shi. Kuɗin ƙwadago ya yi tsada, samari sun tafi acaɓa da gini, kuma mutum ɗaya da tankin feshi a bayansa yana gama aikin da a da sai an tara mutane an dafa musu abinci. Amma maganin ciyawa bai san lalo ba, bai san karkashi ba, bai san tafasa ba, duk haki ne a wurinsa. Fartanya tana da ido, domin mai riƙe da ita ya san abin da matarsa za ta zo nema. Yanzu gonar da aka fesa takan fito tsaf, gero kaɗai a cikinta, har kan iyaka da bakin hanya an bi an ƙone. Inda ganyen ya tsira kuma, mai tsinka ba ta da tabbacin ko jiya aka fesa wurin. Na ji mata a ƙauye suna cewa sun daina ɗiba a bakin gonar da ba ta gidansu ba saboda wannan tsoro, kuma suna da gaskiya.

Wani abin lura shi ne ganyen bai rasa daraja ba, hannu ya sauya. Zogalen da a da ake ganin abincin talaka ne, yanzu gonaki ake yi masa, a Jiratawa kusa da Maraɗi ma da ban ruwa ake noma shi, ana niƙa shi a zuba a gwangwani, ana shayinsa, likitoci na yaba shi, da azumi kuma farashinsa kan tashi. 'Ya'yan tafasa, waɗanda a da suke zubewa ba mai kallon su, yanzu ana tara su buhu-buhu ana sayar wa 'yan kasuwa masu fitar da su ƙasar Sin. Mata da yara na samun abin kashewa da wannan, ina kuma murna da haka. Sai dai duk abin da ya shiga buhu ya samu farashi, mai hannu da shuni ne ke fara kai wa gare shi.

Ba ko'ina labarin ya tafi ta hanya ɗaya ba. A kudancin Nijar, bayan farin shekarun 1980, manoma sun koma barin kututturen itatuwan da ke tohowa a gonakinsu, suna rage rassa su bar masu ƙarfi su girma, maimakon sassabe su ƙarƙaf kamar yadda aka saba. Sassabin zamani suke ce masa. Wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, yana cikin waɗanda suka fara yaɗa dabarar a yankin Maraɗi tun 1983, amma manoman ne suka ɗauke ta daga gona zuwa gona, har aka ƙiyasta ta shafi hekta kusan miliyan 5. A wajen Mirya ta Damagaram kukoki sun yawaita a gonaki, ganyensu ya zama abin miya da abin sayarwa. Ba wanda ya ce wa waɗannan mutane su koma zamanin da. Sun dai duba abin da suke kira daji ne, suka ga akwai abinci da itace da taki a cikinsa, suka daina kashe shi.

Irin wannan duban nake so a yi wa ganyen ƙasa. Ƙwayar tafasa tana da tauri, takan yi shekaru a cikin ƙasa tana jira, don haka duk inda aka ɗaga mata ƙafa za ta dawo. A gidaje da yawa maigida ne ke sayen maganin feshi, uwargida ce ke neman ganye, kuma maganar ba ta taɓa haɗa su ba, don shi yana ganin sha'anin gona ne, ita tana ganin sha'anin miya ne. Malaman gona da ke koya wa manoma awon magani a tanki, da masu shirin noma a rediyo da ke sanar da ranar da ake sa ran saukar ruwa, za su iya ƙara magana ɗaya a kai: a bar taku biyu ko uku a kan iyaka da bakin hanya ba a fesa ba, a kuma kafa alama a gonar da aka fesa don mai ƙwarya ta san inda za ta sa hannu. Hakan ba zai rage wa manomi ko dami ɗaya ba, kuma dagatai da masu unguwanni, waɗanda tun asali su ke tsare burtali da makiyaya, suna da ikon sa a yi shi tun daga daminar baɗi.